Jinjirin Watan da Na Wanke

Sau uku ina danna makunni, sau uku taransifoma tana gurnani, amma fitilar ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Tana kwance a kan buhun da na shimfiɗa mata bisa bencin shago, bututun gilashi mai kaurin ɗan yatsa da aka lanƙwasa siffar jinjirin wata. Fes take. Tun da na san ta ba ta taɓa yin tsabta irin ta ranar ba. Sai dai babu wuta.

Alhaji, shugaban kwamitin masallacin unguwarmu, yana tsaye a bakin ƙofa yana jan carbi. Ladan na bayansa, ya jingina tsanin da ya aro a jikin bango.

"Yaro, la'asar fa ta gabato," in ji Alhaji. "Za a ɗaura a masallacin yau ko mu tafi?"

Na ce, "Wutar ce ba ta da ƙarfi, Alhaji. Rabin wuta suka kawo."

Ladan ya ɗaga kai ya dubi fankar da ke juyawa a samanmu kamar za ta tsinke. Ya ce, "Ita kuma wannan da kananzir take aiki?"

Ba wanda ya yi dariya. Na sunkuya ina taɓa wayoyin da na san lafiyarsu lau. Na zura testa a soket, ɗan jan hasken cikinta ya kama nan take. Na san abin da na yi wa fitilar nan da safe, abin da ban sani ba shi ne ko shi ya kashe ta.

Alhaji ya mayar da carbinsa aljihu. "To, ka duba ta a tsanake. Saura kwana tara azumi, muna so ta hau kafin nan. Ka gaida maigidanka mai jiki."

Suka tafi. Ladan ya bar tsanin, ya ce ba zai yi ta jigilarsa ba.

Fitilar ba tawa ba ce. Ta Baba ce, maigidana, Allah ya jiƙansa. Ba shi ya haife ni ba, a wurinsa nake koyon aikin wayarin. Kafin shi babu inda na taɓa zama. A aji uku na ƙaramar sakandare na bar makaranta, ba kora ta aka yi ba, hutu aka yi ban koma ba. Na yi acaɓa tsakanin Daura da Sandamu wata huɗu. Na bi motar shanu. Na sayar da kasakasan wa'azi a tasha har na haddace rabinsu, sannan na gaji. Ranar da mahaifiyata ta gaji ita ma, ta sa mayafi ta kama hannuna kamar ƙaramin yaro ta kai ni shagon Baba. Ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini filaya, ya ce in fere masa waya. Shekara biyu na yi a wurinsa, kuma har lokacin ban taɓa yin shekara biyu a kan komai ba.

Baba a Kano ya yi ƙuruciyarsa da rabin tsufansa. Aikinsa can shi ne lanƙwasa gilashi a kan wuta, yana yin rubutu da zane masu haske waɗanda ake kafawa a goshin otal da gidan silima. Da gidajen giya ma, wannan kowa a unguwa ya sani. Da shari'a ta zo, masu irin waɗannan wurare wasu suka rufe, wasu suka tashi, waɗanda suka rage kuwa ba mai son jan haske ya nuna ƙofarsa. Ya sayar da kayan aikinsa ya dawo gida ya buɗe ɗan shagon wayarin. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. In an tayar da maganar sai ya ce abin da ya dace aka yi, ya ci gaba da aikinsa.

Amma mutane ba su manta masa ba. Ba a gabansa suke faɗa ba. A majalisa ne za ka ji wani ya ce, ai mutumin nan shekara da shekaru yana haska wa mashaya hanya. Da aka tashi sa wa masallacin unguwa wuta, shagonmu yana kallon masallacin, amma daga wata unguwa aka ɗauko mai aiki. Baba yana zaune a benci yana kallo ana jan waya a karkace. Kullum a ƙarshen sahu yake tsayawa, kusa da takalma.

Jinjirin watan nan shi kaɗai ya taho da shi daga Kano. Can a saman ƙofar shagonsa yake, a nan kuwa ya rataye shi a bangon ciki. In an kawo wuta bayan magariba yakan kunna, ya yi ja kamar garwashi, ya zauna yana kallo kafin mu rufe. Bakinsa biyu duk sun yi baƙi, hasken ma ya rage, wani lokacin yana ɗan rawa. Baba bai taɓa gaya mini yadda ake yin irinsa ba, ni ma ban tambaya ba. Zancen aikin Kano ba ya son sa.

Da damina ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Hagunsa ya mutu, harshensa ya yi nauyi. Shago ya dawo hannuna. Ana nan sai Alhaji ya je dubiya, ban san abin da ya taɓa zuciyarsa ba, ya ce an gama yi wa masallaci fenti, kwamiti na son a kafa jinjirin watan nan a saman ƙofa kafin azumi, in Baba ya yarda. Inna, matar Baba, ita ta ba ni labari. Ta ce bayan fitar Alhaji sai da Baba ya sa ta ciro farar rigarsa daga akwati ta wanke, ya ce ranar da za a kunna a ɗauke shi a kujera a kai shi ya gani.

Ni kuwa abin da ya ce mini kalma huɗu ne zuwa biyar, da ƙyar suka fito. "Ka goge ta. Ka ɗaura."

Na sauko da ita da safe na goge. Baƙin bai fita ba, don a ciki yake. Na tsaya ina kallonsa yana ba ni haushi. Duk garin nan za su ɗaga kai su dubi aikin Baba, a ce da wannan dauɗar? A gidanmu tun ina ƙarami aikina ne wanke ƙwan fitila kowace yamma. In gilashi ya yi baƙi hayaƙi ne, toka da tsumma ne maganinsa, ka wanke haske ya dawo. Haka na sani, haka kowa a gidanmu ya sani. Na ɗaga ta ga rana na leƙa. Babu lagwani, babu mai, ko siririyar waya babu a tsakiya, ɗan ƙarfe ne kawai a kowane baki. Na ce a raina, babu komai a ciki da zai lalace.

Kusa da baki ɗaya akwai wani ɗan tsini kamar cibiya. Na sa magagari na ɗan zarta shi, na karya da filaya. Na ji 'yar ƙara, fis, kamar an tsuke baki. Ban kula ba. Na ɗura ruwan sabulu da lallausan yashi, yadda ake wanke gora, na yi ta girgizawa a hankali har hannuna ya gaji. Yawancin baƙin ya fita. Na ɗauraye, na shanya a rana, na toshe ramin da gam mai haɗi biyu. Har na ji daɗi. Har ina tunanin abin da Baba zai ce in ya ga ta fi da haske.

Da yamma bayan tafiyar su Alhaji, Inna ta aiko a tambaya ko an ɗaura. Na ce a ce mata wuta ce ba ta da ƙarfi.

Washegari da sassafe na ari babur na nufi Sandamu. Malamin da ya koya mana kimiyya a makarantar da na bari ya yi ritaya ya koma can yana noma. Shi kaɗai na sani da zai iya gane abin, kuma ba ya zama majalisar unguwarmu. Na naɗe fitilar a tsohon bargo na rungume ta da hannu ɗaya.

Na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, yana ɓarar gyaɗa a kwano. Na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe yana dubana.

"Kai ne mai zama bakin taga," in ji shi. "Wanda ko da yaushe yake kallon hanya."

"Ni ne, Malam."

"To hanyar ta kawo ka. Me ke cikin bargon, jariri?"

Na buɗe. Ya ajiye kwano, ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa. Na ba shi labari duka, ban rage komai ba, don na gaji da riƙe shi ni kaɗai. Na ƙare da cewa in iska ce ta fita, akwai mai gyaran firji a layinmu yana da gas, akwai kuma na masu walda, ya gaya mini wanne zan ɗura.

Malam ya rufe ido. Ya ce, "Inna lillahi. Da ruwa?"

"Da yashi."

"Da yashi." Ya girgiza kai. "Zauna sosai. Darasin da ka gudar wa ne ya biyo ka."

Ya ce akwai abu a ciki, idona ne bai gani ba. Mai yin irin wannan fitila sai ya sa famfo ya zuƙe iskar da ke cikin gilashin, kusan duka, sannan ya saka wata iska 'yar kaɗan mai suna niyon, ya narka bakin da wuta ya rufe. Cibiyar da na karya nan ne aka rufe. Ƙarar da na ji kuma iskar waje ce ta faɗa ciki.

Ya ɗebi gyaɗa kamar goma ya warwatsa a tabarma, nesa da juna. Ya ɗauki 'yar tsakuwa.

"Waɗannan su ne ƙwayoyin niyon. Wannan tsakuwar ita ce ilektiron, 'yar mitsitsiyar ƙwayar da gudunta ne kuke kira wuta. Taransifoma ce ke koro ta daga wannan ƙarfen zuwa wancan. Ka ga fili? Tana samun gudu." Ya harba tsakuwar da ɗan yatsa, ta bugi gyaɗa ɗaya ta yi gefe. "Kowace ƙwaya tana da nata ilektiron a jikinta. In an buge ta da ƙarfi sai ɗaya ya fizge ya fita. Yanzu biyu ke gudu. Su bugi wasu, su zama huɗu. Kafin ka ƙifta ido an cika bututun. Ita kuma wadda aka buga ba ta zama a haka, komawa take yi daidai, ƙarfin bugun nan sai ya fita haske. Na niyon ja ne. Testar da ke aljihunka ma ita ce a ciki, 'yar kaɗan."

Na taɓa aljihuna. Shekara biyu ina yawo da ita.

Sai ya ɗauki kwanon ya juye gyaɗar duka a wurin, ta yi tsibi. Ya miƙo mini tsakuwar. "Harba."

Na harba. Ko taku ɗaya ba ta yi ba ta maƙale.

"Iskar da ka shigar ke nan. Babu filin gudu. Ga danshi kuma ka ƙara mata."

Kaji suka matso suna son gyaɗar, ya kore su da hannu. Ina ganin ya manta da ni ma a lokacin, don ya ci gaba da magana yana kallon gilashin kamar yana gaban allo. Ya ce niyon da 'yan uwanta, su agon da hiliyam, iskoki ne da ba sa haɗuwa da komai. Ba sa kamawa da wuta, ba sa sa ƙarfe tsatsa, ko junansu ba sa riƙewa, kowace ƙwaya ita kaɗai take yawonta. Shi ya sa 'yar kaɗan ɗin nan ta shekara da shekaru a ciki ba ta lalace ba. Amma akwai wani abu da ya daɗe yana ba shi mamaki. Ƙwayar da aka fizge wa ilektiron, in ta ci karo da 'yar uwarta lafiyayya, takan manne mata, su zama biyu a haɗe suna raba abin da ya rage. Abin da ba sa yi da lafiyarsu, sai an buge su suke yi. Kuma ba sa daɗewa. Da wani ilektiron ya faɗo musu sai su rabu, kowacce ta kama gabanta.

Na ce, "Malam, ka taɓa gani?"

"Wa zai gani? A littafi na karanta, na rubuta muku a allo, kuka kwafa, waɗanda suka tsaya ke nan. Ko fitilar ma ban taɓa riƙewa a hannuna ba sai yau." Ya shafa lanƙwasar da babban yatsa. "Dubi nan, ko'ina kaurinsa ɗaya. Maigidanka ya san aiki. Da ma ka kawo mini ita tana da rai."

Na tambaye shi baƙin, in ba hayaƙi ba ne mene ne. Ya ce ƙwayoyin da aka fizge wa ilektiron su ma gudu suke yi, amma baya suke komawa, su faɗa wa ƙarfen bakin, suna ɓantarar sa kaɗan kaɗan yana mannewa a gilashi. Ya ce, "Tsufa ne kawai. Furfura ka zauna kana wankewa."

"Tana gyaruwa?"

"Ba a Daura ba. Sai mai famfon, da sabon ƙarfe, da kwalbar niyon. Wataƙila a Kano, in akwai wanda ya rage." Ya naɗe ta a bargon da kansa ya miƙo mini. "Amma kafin Kano akwai ɗakin da za ka fara shiga. Ka san shi."

Bayan azahar na shiga. Ɗakin yana warin man zafi. Baba yana kishingiɗe an tokare shi da matasai, farar rigar tana rataye a ƙusa saman kansa. Na gaishe shi, na zauna a ƙasa da bargon a hannuna. Ya dubi bargon, ya miƙo hannunsa na dama. Na ɗora masa ita a cinya.

Bai ko kalle ta sosai ba. Yatsunsa ne suka bi lanƙwasar tun daga wannan baki, a hankali, har suka kai inda cibiyar take. Suka tsaya a kan dunƙulen gam.

"Da me?" in ji shi.

"Magagari, Baba."

"Ruwa?"

"Da yashi."

Gefen bakinsa mai rai ya ɗan motsa. Har yau ban san ko dariya ce ta zo masa ba. Ya ɗaga ta kaɗan ga hasken taga. "Ta yi tsabta kuwa."

Na fara ba da haƙuri, ya ɗaga yatsa. Maganarsa a hankali take fita, sai ka jira kowace kalma.

"Ka ce wa Alhaji tsufa ta yi. Ta mutu. Ka ce ni na faɗa."

"Baba, ai ni ne..."

"Kai za ka zauna a garin nan. Za ka yi aure. In aka ce yaron nan ya kashe fitilar masallaci, wa zai ba ka wayarin ɗin gidansa?" Ya huta. "Ni na gama nawa."

Ya kira Inna ya ce ta mayar da rigar akwati, ƙura za ta ɓata ta.

Na yi yadda ya ce. Ban ma yi gardama da yawa ba, wannan ita ce gaskiya, wani sanyi na ji a ƙirjina da ya ɗauke mini kayan. Na je na gaya wa Alhaji tsufa ta yi. Ya ce Allah sarki, Allah ya ba shi lafiya.

Kwana biyu bai cika ba maganar ta zaga. A teburin mai shayi na fara ji, da safe, ina zaune da kofi a hannu. Wani mahauci ya ce, "Ikon Allah. Shekara nawa tana ci ba ta mutu ba, sai da aka ce masallaci?" Wani ya ce ai jiya-jiya ya gan ta tana ci a shago da idonsa. Na ukun ya ce hannun da ya yi wa gidan giya ado, to, shi dai ba zai ƙarasa ba. Suka juyo gare ni, suka ce kai da kake wurin, ba haka aka yi ba? Na ce ni dai na kunna ba ta kama ba. Na shanye shayina na tashi.

Da ladan ya zo ɗaukar tsanin da ya bari, ba da mugunta ya faɗa ba, har dafa kafaɗata ya yi. Ya ce, "Kar ka damu kanka, ɗan nan, ba laifinka ba ne. Ita ma ta san inda ba wurinta ba."

Maganar ta shiga gidaje. Ranar Alhamis na kai wa Inna cefane, ta tsaya a bakin zaure ba ta karɓa da wuri ba. Ta ce mata biyu sun zo dubiya, ɗaya ta ce mata a riƙa yi masa istigfari da yawa, tunda ga alama ta fito. Ta ce Baba yana jin su daga ɗaki. Sannan ta dube ni. "Ya hana ni magana. Don haka ba zan ce maka komai ba." Ta shiga ta fito mini da tuwo a kwano kamar kullum. Na kasa ci, na kasa barinsa.

Ranar Juma'a na yi niyya. Na ce bayan sallar la'asar a masallacin unguwa zan miƙe in faɗa, kowa na nan. Na tsara kalmomin tun da safe. Aka sallame, na miƙe tsaye, wasu ma sun juyo suna dubana. Sai na ga ƙafafuna sun kai ni wurin takalma.

Asabar da safe na rufe shago, na kai wa maƙwabcinmu makulli, na sa fitilar a kwali na shiga motar Kano, tana kan cinyata har muka isa. In ka tambaye ni gyara na tafi nema ko gudu na yi, ba zan iya rantse maka a kan ɗaya ba.

Kwana uku ina yawo ina tambaya. Masu rubutun allon kanti suna tura ni wurin masu walda, masu walda suna tura ni wurin masu gilashin mota. A rana ta uku aka nuna mini wani dattijo a bayan wani layi, yana yin allunan roba da dogayen ƙwan lantarki a ciki. Na buɗe kwalin. Bai tambaye ni daga ina nake ba. Ya ce, "Wannan hannun na san shi. Yana raye?" Na ce yana raye, amma yana kwance. Ashe shi ya sayi kayan aikin Baba. Ya ɗaga wani buhu a ƙarƙashin tebur ya nuna mini famfon, gizo-gizo ya yi saƙa a kansa.

Ya duba fitilar ya ce gilashin lafiya lau, ƙarfen ne za a sake, kuma zai iya. Amma kwalbar niyon ɗinsa ta daɗe da ƙarewa. Daga Ikko ake kawowa, sai in wani ɗan kasuwa da ya sani zai je, wataƙila bayan salla. Yana da ragowar agon, amma ba ja za ta ba da ba, kuma shi ba zai sa wa aikin mutumin nan abin da ba shi ya zaɓa ba. Ya ce in ina so in zauna in taya shi aiki in jira. Na ce zan zauna.

A ranar ake duban watan azumi. Na zauna a bakin shagon na gane cewa ko me zan yi, fitilar ba za ta hau ƙofar masallaci a azumin nan ba, kuma mutanen unguwa za su yi wata guda suna wucewa ƙarƙashin ƙofar suna tuna dalilin da suka ƙirƙira. Niyon ɗin ma bai iso ba sai bayan an binne Baba, amma wannan ban san shi ba tukuna.

Na tafi tasha na nemi direban da na sani ɗan unguwarmu. Na samu takarda a wurin mai sayar da littattafan makaranta, na durƙusa na rubuta a kan gwiwata. Rubutuna ba shi da kyau, sau biyu ina yagawa. Na ce wa direban hannu da hannu zai ba Alhaji. Takardar ta riski Baba da ransa, wannan na tabbatar. Ga abin da ke ciki:

"Assalamu alaikum. Zuwa ga Alhaji da dukan kwamiti. Bayan gaisuwa da fatan an ga wata lafiya. Ni ne yaron shagon Baba. Alhaji, ƙarya na yi maka sau biyu. Wuta tana da ƙarfi ranar nan, kuma fitilar ba tsufa ne ya kashe ta ba. Lafiyarta lau da na sauko da ita. Ni na fasa bakinta da magagari na wanke cikinta da ruwa da yashi don ban san akwai iska a ciki ba, iskar ta fita, shi ya sa ba ta kama ba. Ko a ina aka kai ta ba za ta kama ba. Malamin kimiyya na Sandamu ya gani, a tambaye shi. Baba ya sani, shi ya ce in ɓoye don kar a daina ba ni aiki. Abin da ake faɗa a kansa ba gaskiya ba ne, ina zaune aka faɗa ban yi magana ba. Don Allah a karanta wannan a masallaci bayan salla da ƙarfi yadda na baya za su ji, a kuma gaya wa mai shayi da ladan. Na so in faɗa da bakina ranar Juma'a na kasa. Ina Kano wurin wanda ya sayi kayan aikin Baba, ya ce za ta gyaru amma sai bayan salla. Ba zan dawo ba sai da ita. In an daina ba ni aiki ba komai. Alhaji don Allah ka je da kanka ka gaya wa Baba an karanta, kar ka aika. Ka ce masa na saɓa maganarsa, ya yafe mini. Makullin shago yana wurin maƙwabci, akwai aikin gidan mai goro da ban ƙarasa ba, wayar ɗakin tsakiya a buɗe take, kar a bar yara su taɓa. Wassalam."